Ranar da Gwadabe Ya Take Totur

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Karaye cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin ya san Gwadabe direba. Gajere ne kakkaura, furfura ta fara cin gefen kunnuwansa, maganarsa ƙasa-ƙasa kamar mai gudun kada ya tashi wani daga barci. Motarsa Fijo ce doguwa ruwan toka, yana lodi daga Rogo ko Karaye zuwa Kano. Ba a san shi da faɗa ba, ba a kuma san shi da gudu ba. 'Yan tasha suna ce masa Baba Sannu, shi kuwa bai taɓa nuna sunan ya dame shi ba.

A Tudun Kaya aka haife shi, gidan noma da 'yan shanu. Sai da ya yi aure ya haifi 'yarsa ta fari, Mero, sannan ya bar garma ya bi wani mai gingimari da ake kira Ɗanmaliki, zamanin da ake jigilar gyaɗa zuwa Kano. Ɗanmaliki mutum ne mai zafi, amma yawancin zafinsa a kan ladabin hanya yake ƙarewa. Hanyar a lokacin ta burji ce, siririya, mota biyu ba sa giftawa sai ɗaya ta raɓe, kuma wanda ba shi da kaya shi ke raɓe wa mai kaya. In ka tarar da garke yana tsallakawa, sai ka kashe mota ka jira, ka gaida makiyayi. In ka hangi direba ya buɗe gaban motarsa a gefen hanya, ba ka wucewa, ko da ba ku taɓa haɗuwa ba. Wata rana Gwadabe ya faɗa kududdufi da gudu, ya watsa wa wasu mata masu tallan nono ruwan taɓo. Ɗanmaliki ya sa ya tsaya, ya koma da ƙafa ya ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, sannan ya hana shi taɓa sitiyari har sati biyu.

Da wannan tarbiyya ya shiga tuƙin fasinja a tamanin da ɗaya, lokacin da ya samu tasa motar. Shekarun farko ya ji daɗin sana'ar. Mata da tsofaffi motarsa suke nema. Magidanci ya kawo iyalinsa ya damƙa masa, ya koma gida hankali kwance.

Ba zai iya cewa ga ranar da abubuwa suka sauya ba. Kwalta ta ƙaru, motoci suka yi yawa, aka fara shigo da ƙananan bas-bas masu tashi kamar an harba su. Direbobin da ke tuƙa su yawanci ba su zauna ƙarƙashin kowa ba, wata uku mutum ya yi yana juya mota a tasha sai ka gan shi da fasinja a kan titi. Abin da ya fara tsaya wa Gwadabe a rai shi ne ranar da bel ɗin injinsa ya tsinke tsakanin Kurugu da Karaye, da rana tsaka, da mace mai goyo a cikin motar. Ya tsaya a bakin titi yana ɗaga hannu. Motoci suka yi ta wucewa, har da na mutanen da suke cin abinci kwano ɗaya a tasha. Wani ma ya danna masa ham ya ɗago hannu, alamar gaisuwa, bai ko rage gudu ba. Wani mai keke ne ya je ya samo masa bel.

Da ya koma gida da la'asar ya gaya wa matarsa Lantana, sai ta ce, "To Malam, ƙila sauri suke yi."

"Saurin zuwa ina? Mu da ba ma da wurin zuwa ne?"

Daga nan ya fara lura da abin da a da yake kau da kai. Ya ga an danna wa masu ɗauke da makara ham don su yi sauri su tsallake. Ya ga bas biyu sun jera a kan kwana suna tsere, fasinjojin suna ihu suna zuga direbobinsu kamar a filin dambe. Sau uku cikin shekara biyu ya tsaya ya taimaka aka zaro mutane daga cikin ƙarfe, ɗaya daga cikinsu ma ya san gidansu a Yola ta kusa da Karaye, shi ya kai labarin. Tun daga lokacin cikinsa ya daina zama daidai. Kafin ya tashi mota sai ya zagaya tayoyin nan ya bubbuga, ya shiga ya zauna, ya sake fitowa ya zagaya. In yana tuƙi idonsa ya fi zama a madubi fiye da gaba, don abin da yake tsoro daga baya yake zuwa. Ciwon cikin kuwa ya ƙi barinsa. Likita a Karaye ya ce gyambon ciki ne, ya hana shi yaji da goro. Ya bar yajin, goron ya gagara.

Da aka buɗe tagwayen titin Zariya zuwa Kano, mutane suka yi ta murna, ana cewa haɗari ya ƙare tunda masu zuwa da masu dawowa kowa da hannunsa. Gwadabe ma ya sa rai. Direbobin Karaye da yawa suka bar tsohuwar hanyar Gwarzo suka koma fita ta Kiru su hau sabon titin a Kwanar Ɗangora, shi ma ya bi su, don fasinja sun fi son nan. Amma faɗin titin sai ya zama kamar an cire wa mutane takunkumi. Ana wuce ka ta dama, ana wuce ka ta hagu. Mai babbar mota ya matso har ka ji hucin injinsa a ƙeyarka. Wasu kuma, don ƙyashin tafiya nesa kafin su samu wurin juyawa, sai su biyo hannun da ba nasu ba, su kunna fitila da rana su taho gaba-da-gaba.

Fasinjansa ma suka sauya. Samari sukan leƙo su ga shi ne a layi, su koma gindin bishiya su jira mota ta gaba. Waɗanda suka shiga kuwa, tun kafin a bar gari sun fara duba agogo.

Lantana ta sha ce masa ya haƙura da layin Kano. Shi kuma ya ce in irinsu suka bar titin, wa za a bar wa tsofaffi da marasa lafiya? Yana faɗar haka, amma kowace safiya in ya sa makulli sai ya yi ta karanta addu'ar hawa abin hawa yana maimaitawa har ya fita daga gari.

Abin da ya faru da shi a daminar casa'in da uku ya faru. Ranar Laraba ce, an yi ruwa da asuba, titi bai gama bushewa ba. Ya yi lodi a Rogo. A gaba kusa da shi akwai Malam Lukumanu, wani magatakarda a ofishin hakimi, da fayil a cinyarsa, ana jiransa a wani taro a Kano ƙarfe goma. A kujerar tsakiya, daidai bayan direba, wata tsohuwar Bafulatana ce mai suna Hajo, wadda yanar ido ta hana ta gani, za a kai ta asibiti a yi mata aiki. Barira, matar ɗanta Hammawa, ita ke riƙe da hannunta. Sauran 'yan kasuwa ne.

Tun daga Karaye Lukumanu ya fara. "Baba, a ɗan taɓa ta mana. Wallahi an ce duk wanda ya makara kada ya shigo."

"Za mu isa da yardar Allah, Malam. Titin da santsi."

Suka hau babban titi. Ba su yi nisa da Kwanar Ɗangora ba sai ga wata farar bas a madubi, tana ƙara girma. Kafin ya ƙifta ido ta manne masa a baya, tana walƙa fitila, ham ɗinta ba ya yankewa. Gwadabe yana hannun dama, hagu kuwa wata tirela ce ke tafiya daidai da shi, babu inda zai matsa. Ya fito da hannu ta taga ya yi alamar a yi haƙuri. Bas ɗin ta ƙara matsowa har ya daina ganin fitilunta, sai gilashinta kawai. Da tirelar ta ɗan ja baya, bas ɗin ta kurɗa ta tsakaninsu, ta yanko gabansa tun kafin ta gama wucewa. Dole ya karkata, tayoyinsa biyu suka sauka kan tsakuwar gefe, motar ta yi rawa, matan suka saki salati.

A daidai giftawar nan ya ga fuskar direban. Ɗantala ne, ɗan Jibo na Kurugu, abokinsa tun suna kiwo. A gaban Gwadabe aka raɗa wa yaron suna. Wani fasinja a bayan bas ɗin ya zuro hannu ta taga ya yi musu daƙuwa, yana dariya.

Lukumanu ya yi tsaki. "Kai, wannan wulaƙanci da yawa yake. Baba, yaron da ka haifa ya tura ka daji ka ƙyale shi? Ai shi ya sa suke raina ku. Ko motar ce ba ta da ƙarfi?"

Wani daga baya ya ce, "Motar lafiyarta ƙalau, mai ita ne ya tsufa."

Gwadabe ya kafa ido a kan bas ɗin. Daga baya ya sha ƙoƙarin tuna abin da ya raya a ransa a lokacin, bai samu komai ba. Abin da ya sani kawai shi ne ƙafarsa ta sauka a kan totur, ta kuma ƙi ɗagowa. Injin ya ɗauki wata ƙara da bai taɓa jin ta ba shekara goma sha biyu da yake tare da motar. Allurar maleji ta haye inda ba ta taɓa zuwa ba. Ya koma hannun hagu, ya wuce wata a-kori-kura, ya wuce tankar mai, sitiyari yana karkarwa a hannunsa. 'Yan kasuwan nan suka fara, "Yauwa Baba! Ashe kana nan!" Lukumanu ya dafe fayil ɗinsa yana murmushi. Barira ce kaɗai ke cewa, "Don Allah Baba direba, don Annabi," amma muryarta kamar daga wani gari take zuwa masa.

Ya kamo bas ɗin a wani ɗan hawa. Suka jera, shi a hagu, ita a dama. Ɗantala bai ko waiwayo ba, ya dai ƙara wuta. Ruwan da tayoyin bas ɗin ke fesowa ya rufe wa Gwadabe gilashi, ya kunna abin sharewa. Yana sharewa sau ɗaya, sai ga tifar yashi a gabansa, ta biyo hannunsu, fitilunta a kunne, tana gangarowa daga kan hawan.

Hagu kankare ne, dama bas. Ya take birki da duk ƙarfinsa. Motar ta ja da baya daga jikin bas ɗin, gindinta ya fara zamewa, ya murɗa sitiyari dama. Tifar ta wuce da wata iska da ta girgiza su, kusa har ya ga tsatsar da ke jikin ƙofarta. Fijo ta juya sau ɗaya a tsakiyar titi, ta tsallake tsakuwar gefe, ta faɗa cikin wata gonar dawa ta tsaya, hancinta a cikin kunya. Injin ya mutu.

Sai kukan Barira ya tashi. Hajo ta bugi ƙarfen kujerar gaba, goshinta ya tsage a saman gira, jini yana bin fuskarta yana ɗiga a zanenta. Ban da ita ba wanda ya ji ciwon kirki. Bas ɗin kuwa ko alamarta babu.

Gwadabe ya so ya fita ya kasa. Yatsunsa sun ƙanƙame sitiyari sun ƙi buɗewa. Yana jin tsohuwar tana lalube a bayansa, tana magana a hankali, ba da shi ba.

"Barira, wace mota kika sa mu? Ba Hammawa ya ce mu shiga motar Gwadabe ba? Kwana biyu muka yi a Rogo muna jiran layinsa. Ya ce ko sati ne mu jira. Wace mota ce wannan?"

Barira ta danna mata gefen mayafi a goshi.

"Ke nake tambaya."

Gwadabe ya waiwayo ya ce, "Ni ne, Inna. Ni ne Gwadaben."

Tsohuwar ta juyo da fararen idanunta wajen muryar. Sannan ta ce, "To. Allah ya kiyaye gaba, ɗan nan."

Lukumanu ya fita yana kakkaɓe rigarsa. "Haba Baba, ai da ka bi a hankali, ka san titin da ruwa." Ya haye bakin titi, ya tare wata mota ya tafi taronsa. Manoman da ke kusa suka taru suka turo motar daga cikin gonar, mai gonar ya ce ba komai, tunda rai ya tsira. Gwadabe ya ƙarasa Kano yana tafiya kamar mai bin jana'iza, ana ta danna masa ham ana wucewa. A asibiti aka yi wa Hajo ɗinki biyar, aka ce aikin ido sai kumburin ya saɓe, su dawo bayan sati uku. Shi ya mayar da su har rugarsu a bayan Rogo, ya tsaya gaban Hammawa ya faɗi abin da ya faru bai rage komai ba. Hammawa ya saurara yana kallon ƙasa, ya ce ƙaddara ce. Amma da sati ukun ya cika, wata motar ya nema.

Ranar Juma'ar makon da abin ya faru, bayan an sauko daga masallaci, Gwadabe ya tafi Kurugu. Tun a hanya yake shirya abin da zai faɗa, yana warwarewa yana sake ƙullawa. Ya tarar da Jibo a zaure. Suka gaisa, suka tambayi iyali da damina da shanu, sannan ya kawo maganar. Jibo ya girgiza kai.

"Gwadabe, kullum ya fita sai na ji kamar ba zan sake ganinsa ba. Uwarsa ta yi kuka ta gaji. Ga shi can bayan gida yana wanke motar, bari in kira maka shi, ƙila kai ya ji taka."

Ɗantala ya shigo hannunsa da kumfa, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa. "Baba, sannu da zuwa. Ina su Inna Lantana? Ya jikin naka, an ce ciki yana damunka?"

Ladabin yaron ya rikita Gwadabe. Ya zo da shirin tarar da mara kunya. Ya daure ya ce, "Ɗantala, shekaranjiya Laraba, bayan Kwanar Ɗangora, ka tura wata mota gefen titi. Ka san ko ta wace ce?"

Ɗantala ya ɗaga kai yana tunani, da gaske yake tunanin. "Laraba? Wallahi Baba ban riƙe ba. Sawu uku na yi ran nan."

"Tawa ce."

"Innalillahi! Baba ka yafe ni, wallahi ban lura ba. In ina kan titi ba na ganin mutum, mota kawai nake gani a gabana. Kuma in ban yi haka ba na baya ne zai hau kaina, fasinja su zage ni, a tasha a ce ban iya ba."

Gwadabe ya buɗe baki zai yi faɗan da ya taho da shi, sai ya tuna shi ma a kan hawan nan ba ɗan Jibo yake bi ba, farar bas yake bi, kuma tsohuwar da ke bayansa ta fita daga ransa gaba ɗaya. Ya ce wa yaron ya riƙa tuna uwarsa in ya kama sitiyari. Ɗantala ya ce in sha Allahu, ya koma wajen wankinsa. Kafin Gwadabe ya gama sallama da Jibo ya ji tashin bas ɗin, ta fita daga garin kaji suna watsewa.

Bai sake hawa babban titi da fasinja ba. Ya gaya wa shugaban tasha a cire sunansa daga layin Kano, ya koma jigilar kasuwannin ƙauye tsakanin Karaye, Rogo da Tudun Kaya, yana ɗaukar masu buhun barkono da masu kaji, a hanyoyin da ramuka ke hana kowa gudu. Lantana ta yi hamdala. Amma ciwon cikin bai tafi ba, don yanzu ba na baya kaɗai yake tsoro ba, har da ƙafarsa ta dama. In wani ya matso shi da ham, sai ya sauka gefe ya tsaya cak, ya jira har ƙurar ta kwanta, fasinja suna gunaguni. A casa'in da bakwai ya sayar da motar ya koma gonar mahaifinsa.

Shekarar da ta biyo baya Mero, wadda ke aure a Kano, ta haihu, dole ya je suna. A motar da ya shiga aka ba shi kujerar gaba don girmamawa. Direban saurayi ne mai fara'a, yana tuƙi da hannu ɗaya yana canza kaset da ɗayan. Tun daga Kwanar Ɗangora Gwadabe ya kafa ido a titi, ƙafarsa tana danna ƙasan motar duk lokacin da suka kusanci wata, yana dannawa yana saki, leɓunansa suna motsi. Sau ɗaya ya ce, "Yaro, akwai hawa a gaba, ba a ganin mai tahowa." Direban ya yi dariya ya ce, "Kada ka damu Baba, kullum nan muke bi."

Da suka sauka ƙafar ta riƙe, da ɗingishi ya shiga gidan. Mero ta taso da jaririn a hannu tana tambayar me ya same shi, ya ce zaman mota ne. Ya karɓi jikan ya yi masa addu'a, aka kawo masa fura ya kurɓa kaɗan ya ajiye. Can ya kira mijin Mero gefe, ya tambaye shi ko ya san wani dattijon direba da ke zuwa Karaye ta hanyar Gwarzo, ko da sai jibi zai tashi.